Kaluluwar da ta ƙi sacewa: lamarin wani ɗan kare bayan cire haƙori a Katsina

Karen da gidan da yake

Ni likitan dabbobi ne, muna da ɗan kilinik ni da wani abokin aikina a cikin garin Katsina, yawancin aikinmu kam tumaki ne da awaki da kaji, kare sai jefi-jefi. Wannan lamarin na rubuta shi ne daga katin karen da kuma saƙonnin WhatsApp da muka riƙa yi da mai shi, ya yarje mani in rubuta amma ban da suna, to Alhaji kawai zan riƙa ce mashi.

Karen namiji ne, ruwa biyu, uwar 'yar gida uban jinsin Jaman Shefad, irin wanda mutane ke ce ma karen 'yan sanda. An haife shi farkon Disamba 2023. Gadi aka kawo shi ya yi a wani gida can bayan gari hanyar Batagarawa, da rana yana ɗaure da sarƙa a gindin darbejiya, da dare a sake shi. Wanda ke ba shi abinci Baba maigadi ne, wanda ke wasa da shi kuma autan gidan, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya. Alhaji shi ke biyan kuɗi amma bai cika taɓa karen ba. An yi mashi rigakafin haukan kare, an ba shi maganin tsutsa sau biyu, bai taɓa wani ciwo ba kafin nan.

Litinin 24 ga Yuni 2024: zuwan farko

Babbar Sallah ta kama Lahadi 16 ga wata, kuma kamar kowane kare a garin nan ya sha ƙashin rago har ya gaji. Bayan kamar kwana biyu yaron ya lura yana tauna da gefe guda, bakin kuma ya fara wari. Sai da mako ya zagayo aka kawo shi, a bayan Hilux, Baba maigadi na riƙe da sarƙa.

Nauyi kilo 18. Zafin jiki digiri 38.7, wato lafiya lau, na kare yana kaiwa wajen 38 zuwa 39.2. Da muka ɗaga leɓe sai ga fiƙa bibbiyu a sama, hagu da dama. Kare ma yana famfara kamar ɗan mutum, yana fara rayuwa da haƙora 28, daga wajen wata ukku zuwa huɗu su fara zuba, zuwa wata shida ko bakwai na girma 42 sun gama fitowa. To wani lokaci fiƙar yarinta sai ta ƙi faɗuwa, babbar ta fito ta gabanta su tsaya manne da juna, abinci da gashi su riƙa maƙalewa a tsakani. Nashi haka ne duka biyun. Ta dama lafiyarta ƙalau zaman kawai ta yi. Ta hagu ta karye daga tsini, ana ganin ɗan baƙin rami a tsakiya inda jijiyar haƙori take, dasashin wajen ya yi ja ya ɗan tasa.

Na taɓa kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙi dama da hagu, na rubuta a kati: daidai, ta hagu ta ɗan ɗara kaɗan. Ban auna da rula ba ranar.

Muka ce a cire duka biyun. Alhaji ya yi dariya a waya ya ce, Likita yanzu kare ma har da tiyatar haƙori? Na ce mashi Alhaji ƙashin ragonka ne ya ja. Ya ce a yi.

Laraba 26 ga Yuni: ranar aiki

An hana shi abinci tun dare. Allurar barci zailazin da ketamin. Ni na yi aikin, abokin aikina na kula da numfashi da bugun zuciya.

Fiƙar yarinta abu ne mai ban haushi wajen cirewa, wanda ake gani a waje ɗan kaɗan ne, saiwar doguwa ce siririya ta fi na wajen tsawo nesa ba kusa ba, ga ta kwance jikin saiwar babbar fiƙa wadda ba a son a ji ma ciwo. Sai a hankali ake sassauta ta da ɗan ƙarfe, a danna a jira, a danna a jira, in ka yi gaggawa ta ɓalle. Ta dama ta fito ɗungurungum cikin kamar minti goma sha biyar. Ina cikin ta hagu aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi, muka ƙarasa da tocilar waya biyu. Ta fito, na ga ta fi waccan gajarta, na ce saiwar ce jiki ya fara cinyewa, don dama haka saiwar haƙorin yarinta ke yi kafin ya faɗi, tana zagwanyewa a hankali. Na leƙa ramin, jini ya cika shi, na wanke na ɗinke da zaren da ke narkewa da kanshi, ɗinki ukku kowane gefe. Ba mu da na'urar hoton haƙori. Duka aikin minti 45.

Magani: amoksisilin na kashe ƙwayar cuta kwana biyar, meloksikam na rage ciwo kwana ukku, abinci mai laushi mako biyu, ban da ƙashi, ban da jan tsumma. Yaron ya roƙa a ba shi haƙoran, abokin aikina ya naɗe mashi a auduga ya ba shi.

Asabar 29 ga Yuni zuwa Laraba 3 ga Yuli

Ranar Asabar Alhaji ya turo hoto, wai wuyan karen ya yi ƙulu. Na ce a kawo shi. Kaluluwa ce ta ƙarƙashin muƙamuƙi, dama santimita 1.5 kamar gujiya, hagu santimita 2. Zafin jiki 38.9. Yana cin tuwo da romo, yana kaɗa wutsiya.

Na yi ma Alhaji bayani kamar yadda nike ma kowa. Kaluluwa kamar shingen bincike ne a kan hanya, duk ruwan da ya taso daga wani yanki na jiki sai ya bi ta wajenta an tace shi, in akwai ƙwayar cuta ko rauni a yankin sai ma'aikata su ƙaru a shingen ta kumbura. Mutum ya yi tuntuɓe a yatsa kaluluwa ta fito mashi a matse-matsi, kowa ya san wannan. Ta ƙarƙashin muƙamuƙi ita ke gadin baki da leɓe da gefen hanci, to bayan an cire haƙori ba abin mamaki ba ne ta tasa na 'yan kwanaki, a mako ɗaya zuwa biyu ta koma. Na ce a ci gaba da magani a dawo Laraba.

Laraba 3 ga Yuli, kwana bakwai da aiki. Ta dama ta koma kamar ba a yi ba. Ta hagu santimita 3, girman goro, in an matsa yana ɗan janye kai. Zafi 39.1. Nauyi 17.8. Na yi ƙoƙarin duba ɗinkin, dama ya bari, hagu ya yi gurnani ya fizge, abin da na samu gani na daƙiƙa biyu ne, zare na nan, dasashi ja. Ban yi mashi allurar kwantarwa don in duba da kyau ba.

Da na tambayi yadda ake ba da magani, Baba maigadi ya ce a cikin tuwo yake cusawa. Yaron ya ce, Dokta ai tofarwa yake, na tsinci guda huɗu a gindin bishiya. Cikin ƙwaya goma ke nan huɗu ba su shiga ba, waɗanda aka gani. Sai na ɗauka ga dalili ya fito. Na canza zuwa amoksisilin mai haɗe da kilabulanik, miligiram 250 safe da yamma kwana bakwai, na nuna ma yaron yadda ake tura ƙwaya cikin ɗan yankan hanta, na ce a dawo 10 ga wata, in ya ƙaru kuma kar a jira.

4 zuwa 11 ga Yuli: abin da aka yi a gida

Wannan duk daga baya na ji, a bakin Baba maigadi da yaron. Alhaji ya yi tafiya Abuja ranar Alhamis. Juma'a kumburin bai ragu ba, Baba ya ce shi a ganinshi hangum ne, ya jiƙa jar kanwa da man shanu ya shafa mashi a wuya safe da yamma, karen kuma ya riƙa sosawa da ƙafa har gashin wajen ya zube.

Asabar 6 ga wata wani mai sayar da maganin dabbobi da ke zuwa gidan yi ma raguna allura ya zo, aka nuna mashi. Ya yi mashi allura biyu a cinya. Baba ya ajiye kwalaben, shi ya sa na san ko menene: oksi mai dogon aiki, allurar kashe ƙwayar cuta wadda ake ma shanu da tumaki, da kuma deksa, wato deksametason, allurar da ke danne kumburi. Nawa ya ja a sirinji ba wanda ya sani. Ya kuma ce in bai sace ba zai dawo ya yi mashi sakiya.

Zuwa Litinin kumburin ya yi ƙasa sosai, Baba ya ce ya koma kamar dabino, karen ya ware yana haushi yana ci kamar ba gobe. Sai aka ce an samu lafiya aka daina ba da ƙwayoyin, kwana huɗu aka sha cikin bakwai. Ranar 10 ba a zo ba. Ni ma ban kira ba, lokacin muna fama da wata gonar kaji da cuta ta shiga.

Daren Laraba ya ƙi cin abinci. Alhamis kumburin ya dawo ya fi da. Alhaji ya dawo ranar da daddare ya gani, ya shiga intanet, ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare ya turo mani saƙon murya: Likita na karanta an ce kansa ce, in ba ya tashi gara a faɗa mani gaskiya yaron nan ya saba da shi.

Juma'a 12 ga Yuli: dawowa

Kwana goma sha shida da aiki. Nauyi 16.8. Zafi 39.9. Kaluluwar hagu santimita 4.5 a 3.5, kusan ƙwan zabo, da zafi a hannu, tauri amma tana motsi a ƙarƙashin fata, da an taɓa sai ya yi ƙara. Fatar wajen ta yi ja saboda kanwa da susa. Gefen hancin hagu ya ɗan tasa in ka kalle shi ta gaba, ya yi atishawa sau biyu a gabanmu, yawu na dalala ta gefen.

Muka sa mashi takunkumi na bi sauran kaluluwar ɗaya bayan ɗaya, ta muƙamuƙin dama, gaban kafaɗa biyu, hammata, matse-matsi, bayan gwiwa biyu. Duk daidai. Na matsa ciki ban ji saifa ta girma ba. Dasashin dama jajir ɗin lafiya, ba ɗigon jini a fatar ciki ko cikin kunne, ba haɓo. Kaska kam akwai, damina ce, mun cire goma sha ɗaya a kunnuwa da tsakanin yatsu.

Abubuwan da muka zauna muka lissafa ni da abokin aikina, gaskiya mun ɗan yi musu. Shi hankalinshi ya fi zuwa kan ciwon kaska, don jar kaskar kare ta cika garin nan kuma tana ɗauke da erlikiya da babesiya, erlikiya na kawo zazzaɓi da kumburin kaluluwa da ƙin cin abinci, ya ce ƙila aikin haƙorin haɗuwa kawai suka yi. Ni kuma na ce erlikiya ba ta zaɓar kaluluwa ɗaya ta bar sauran. Akwai sammore, ciwon da ƙudan tsando ke kawowa, amma karen bai taɓa barin Katsina zuwa inda ƙudan yake ba. Akwai wani ciwo na ƙwiƙwiyo da ke kumbura fuska da kaluluwar wuya, sai dai shi ya fi kama 'yan mako ukku zuwa wata huɗu, yana zuwa gefe biyu da ƙuraje a leɓe da fatar ido da kunne, nan babu ko ɗaya, kuma yana da muhimmanci a raba don shi maganinshi irin su deksa ne, wanda in ƙwayar cuta ce zai ƙara hura wuta. Akwai jakar yawu da ke kusa da kaluluwar, in bututunta ya fashe yawu kan taru a wuya, amma shi laushi gareshi kamar balan-balan kuma ba ya ciwo. Sai kansar kaluluwa da Alhaji ya karanto, ita ta fi kama kare mai matsakaicin shekaru zuwa tsoho, yawanci kaluluwa da yawa ke tasowa tare, tauri ba zafi ba ciwo. A ɗan wata bakwai ba a ce ba ta yiwuwa amma tana can ƙarshen layi.

Muka ɗebi jini aka kai wani lab a cikin gari. Kaurin jini kashi 38 cikin ɗari, na lafiya 37 zuwa 55. Fararen ƙwayoyin jini 21,000, na lafiya 6,000 zuwa 17,000. Ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa 240,000, daidai, kuma su ne erlikiya ta saba zubarwa. A madubi ba a ga babesiya ba, ba a ga sammore ba.

Sai na soka siririyar allura cikin kaluluwar na zuƙo ɗan abin da ke ciki, wuri biyu, na shafa a gilashi muka rina. Ba mugunya ta fito ba, ba yawu mai yauƙi ba. A madubi ƙwayoyi ne iri-iri a cakuɗe, ƙanana sun fi yawa, ga masu yaƙi da ƙwayar cuta birjik. A kansa akasin haka ake gani, manya iri ɗaya sun cika fili kamar an buga su a inji. Na ɗauki hoto ta bakin madubin da waya na tura ma wani malamina na Zariya, can na yi karatu a ABU. Ya amsa bayan la'asar: wannan kaluluwa ce mai aiki, tana faɗa da wani abu, amma deksa na iya ɓoye kansa na ɗan lokaci don haka in ba ta sace ba cikin mako biyu zuwa ukku ka sake ɗiba. Sannan ya ƙara layi guda, ka duba bakin da kyau kuwa?

Na faɗa ma Alhaji abin da muka gani, na ce ba mu ga alamar kansa ba. Muka fara kilindamaisin miligiram 150 safe da yamma, maganin kashe ƙwayar cuta wanda ke shiga ƙashi da dasashi sosai, muka sa maganin kaska, na ce a dawo da shi gobe da safe ba tare da ya ci komai ba.

Asabar 13 ga Yuli: kwalin ashana

Da daddare na tuna an ba yaron haƙoran, na tura ma Alhaji saƙo ko suna nan. Da safe yaron ya zo da kwalin ashana a aljihun riga, ya buɗe, ga su cikin audugar da ta koma ruwan ƙasa.

Na jera su a kan farar takarda kusa da rula. Ta dama santimita 2.4, saiwar ta tafi siririya har ta ƙare da tsini kamar ƙaya. Ta hagu 1.4, daga sama dama ta rasa ɗan tsininta tun wajen ƙashin rago, amma ƙasan ne abin kallo. Saiwar da jiki ya cinye bakinta kan yi gatsa-gatsa da ramuka kamar itacen da gara ta ci. Wannan a yanke take sumul, a karkace, bakin da kaifi, kamar an karya alli, har ana ganin ɗan ramin jijiya a tsakiya. Abokin aikina ya ɗauka ya juya ta a hasken taga bai ce komai ba ya ajiye. Yaron ya ce, Dokta ina sauran? Na ce yana cikin bakin karenka.

Muka yi mashi allurar kwantarwa na ɗaga leɓen sosai. Ɗinkin dama ya warke. Na hagu biyu sun saki, sama da wajen kuma can inda leɓe ya haɗu da dasashi akwai ɗan ƙaramin rami kamar kan ashana, ja, wanda ba yadda za a yi a gan shi kare na farke yana fizge kai. Na danna gefen hanci daga waje sai ga mugunya ta ɓullo ta ramin, da wari. Na zura siririn ƙarfe a hankali ya shiga kamar santimita ɗaya ya daki abu mai tauri.

Na kira Alhaji gefe na nuna mashi haƙoran biyu, na ce guntun saiwa ya rage tun aikin farko kuma a hannuna ya karye. Ya yi shiru ya ce, to Likita yanzu meye abin yi? Na ce a sake buɗewa. Zafi ranar 39.5 ne kuma kwana ukku bai ci kirki ba, muka bar shi zuwa Litinin ya ɗan samu ƙarfi maganin ya kama.

Litinin 15 ga Yuli: aiki na biyu

Zafi 39.2, ya ci hanta da kunu ranar Lahadi. Wannan karon ƙarfe tara na safe muka yi, an gyara janareta, na aro fitilar goshi.

Na yanka dasashi na ɗaga shi kamar murfi, na kankare ɗan siririn ƙashin da ya rufe wajen ta gefen leɓe, nesa da saiwar babbar fiƙa gwargwadon iko, don a wannan shekarun bangonta bai gama kauri ba. Guntun na kwance cikin ruɓaɓɓen nama, ya yi launin toka. Da ɗan sassautawa ya taso na ɗauke shi da hantsaki. Milimita 8. Na haɗa shi da haƙorin kwalin ashana suka zauna daram kamar fasasshen faranti. Na kwashe ruɓaɓɓen naman, na wanke da ruwan gishiri na asibiti sau da yawa ina kallon hanci ko ruwa zai fito ta can, don saiwar fiƙar sama tana dab da kogon hanci kuma wani lokaci rami kan ɓule tsakaninsu. Bai fito ba. Na maida dasashin na ɗinke, ɗinki biyar. Minti 50.

Kaluluwar kanta ba mu yanka ba, ba mu tsaga ba, ba mu sake soka mata komai ba.

Kilindamaisin ya ci gaba har ya cika kwana goma daga ranar aiki. Meloksikam kwana huɗu, wanda da a ce deksar jiya aka yi ba zan ba da shi ba, haɗa su na iya huda ciki, amma kwana tara sun wuce. Wankin baki da kulohekzidin mai ƙarfin kashi 0.12 cikin ɗari a jiƙa auduga a goga sau biyu a rana. Gashi da tsumma mai ɗumi a wuya minti biyar safe da yamma. Ba da magani na damƙa ma yaron, na ba shi takarda ya riƙa sa alama duk ƙwayar da ta shiga. Baba maigadi na roƙe shi, na ce Baba don Allah a bar kanwar nan, kuma ko wa ya zo da sirinji a kira ni tukuna. Kuɗin aiki na biyu ba mu karɓa ba, magani kawai Alhaji ya saya.

18 ga Yuli zuwa 26 ga Agusta

Alhamis 18 ga Yuli: kaluluwa 3.5, ba zafi a hannu, zafin jiki 38.8, atishawa ta tsaya, yana cin abinci mai laushi. Litinin 22: 2.5, kumburin gefen hanci ya tafi, ramin dasashi ya rufe. Litinin 29: 1.5, kusan ɗaya da ta dama, nauyi 18.4, takardar yaron ba gurbi ko ɗaya. Tunda ta sace cikin lokacin da malamina ya ce, ba mu sake ɗiba ba. Ranar 26 ga Agusta aka kawo shi don maganin kaska, nauyi 20.5, duk kaluluwa daidai, babbar fiƙar hagu fara tas ba ta canza launi ba, ba ta girgiɗi.

Yadda nike kallon lamarin

Tushen abin guntun saiwar nan ne, kuma nawa ne. Haƙorin tun kafin a cire shi ƙwayar cuta ta riga ta bi ta ramin jijiya ta sauka ƙasa, to guntun da ya rage ba tsaftatacce ba ne, matacce ne mai ɗauke da cuta, jini ba ya shiga cikinshi balle magani ya kai. Ko ƙwaya goman farko duk sun shiga, ko na biyun an sha kwana bakwai cur, lafawa kawai zai yi ya dawo. Karyewar saiwar fiƙar yarinta na faruwa ga kowa, ban ɗauke shi abin kunya ba. Inda na gaza shi ne na ga ta yi gajarta na ba kaina amsar da ta fi mani sauƙi, alhali ga 'yar'uwarta a kan tire da zan jera su in gani cikin minti ɗaya, ko ba hoton haƙori. Ɗauke wuta uzuri ne na rabin awa, washegari ai akwai rana.

Na biyu ranar 3 ga Yuli. Dama ta sace hagu ta ƙaru, aiki iri ɗaya rana ɗaya a baki ɗaya, wannan kaɗai ya isa ya ce mani akwai abin da ya bambanta gefen hagu. Labarin ƙwayoyin da aka tsinta a gindin bishiya gaskiya ne amma shi ya ɗauke mani hankali, na samu wanda zan ɗora ma laifi na canza magani na sallame su. Allurar kwantarwa ta minti goma ranar da ta rage ma karen kusan mako biyu na wahala.

Deksar ba ita ta kawo ciwon ba, amma ita ta fi komai ɓata lokaci. Tana danne kumburi da zazzaɓi ko menene sanadinsu, tana kuma danne garkuwar jiki, sai gida suka ga sauƙi suka ajiye magani suka fasa zuwa, cuta kuma na ci a ƙasa. Da kansa ce ma da ta rikita mana gwajin. Ban ga laifin Baba maigadi sosai ba, mutum ya ga abu ya sace a idonshi me zai ce. Sakiyar ce Allah ya kiyaye, don ba mugunya a cikin kaluluwar, ga manyan jijiyoyin jini a wajen, da an soka ƙarfe da wani labarin ake.

Gwajin jini da ɗibar kaluluwa ban yi nadamarsu ba ko da yake ba su ne suka gano guntun ba. Su suka cire ciwon kaska daga lissafi, da ba don haka ba da mun ɗora shi kan doksisaikilin, maganin erlikiya, na kwana 28 muna jira, su ne kuma suka sa Alhaji ya yi barci. Abokin aikina har yau yana cewa a garin da kaska ta yi yawa haka dole a fara da ita, kuma ban ce ya yi kuskure ba, ni dai na ce a fara ƙirga kaluluwa nawa suka tashi kuma a wane gefe.

Yanzu duk haƙorin da muka cire sai mun wanke shi mun duba ƙarshen saiwar a haske kafin a ɗinke, a rubuta tsawonshi a kati, in ya karye a faɗa ma mai dabba a ranar. Na'urar hoton haƙori har yanzu ba mu da ita, wanda ya buƙaci hoto muna tura shi Zariya. Guntun milimita 8 ɗin yaron ya karɓe, ya ce a haɗa mashi da sauran a kwalin ashana.